Daga Ajin Firamare Zuwa Ɗakin Tiyata: Tafarkin Zama Likitan Kunne, Hanci da Maƙogwaro na Yara

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan garin nan ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban wannan taro. Dagatai da masu unguwanni. Limamai da malamanmu. Shugabanni da mambobin wannan ƙungiya mai albarka. Iyayenmu maza da mata. Ƙannenmu ɗalibai da suka cika bayan zauren nan. 

Gabatarwa

Lokacin da shugabannin ƙungiya suka aiko mini da takardar gayyata, sun nemi in yi wa ɗalibanmu bayanin yadda ake zama likita irina. Na ga ya dace in faɗaɗa maganar kaɗan, domin ɗalibi shi kaɗai ba ya iya bin wannan hanya. Akwai rabon iyaye a ciki, akwai na malamai, akwai kuma na ƙungiya.

Bari in fara da wani abu da wasu daga cikin sa'o'ina da ke nan za su tuna. Muna aji uku a firamare akwai wani yaro da kullum kunnensa na dama ke zubar da mugunya, ƙudaje na bin sa. An mayar da shi bencin baya saboda wari. Idan malam ya yi tambaya sai ya tsaya yana kallon bakinsa, a ce ya cika daƙiƙanci, a yi masa bulala. Kafin mu shiga aji biyar ya bar makaranta. Sai bayan shekaru da yawa, ina ɗalibin likita, na gane cewa ƙwaƙwalwar yaron nan lafiyarta ƙalau. Dodon kunnensa ne ya huje, kuma maganin ɗigawa da tsaftace kunne, ko ƙaramar tiyata, da sun wadatar. Ba mu da wanda zai leƙa kunnen nan a lokacin. Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne in nuna muku tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a sami mai leƙawar, da dalilin da ya sa dole mu fara shiri tun yanzu.

Mene ne aikin wannan likita?

Mutane kan tambaye ni dalilin da ya sa aka haɗa kunne da hanci da maƙogwaro a hannun likita guda. Amsar tana cikin halittar ɗan Adam. Allah ya haɗa waɗannan sassa uku da hanyoyi. Akwai wani siririn bututu da ya taso daga tsakiyar kunne ya ɓullo a bayan hanci, shi ne yake daidaita iskar da ke cikin kunne. Hanci kuma yana buɗewa zuwa maƙogwaro, inda hanyar numfashi da hanyar abinci suke rabuwa. Saboda haka murar da ta fara a hanci tana iya ƙarewa a kunne, kuma tsokar da ta kumbura a bayan hanci tana iya hana yaro barci da ji a lokaci guda.

Wannan likita yana duba marasa lafiya a ɗakin ganin likita, yana kuma shiga ɗakin tiyata. Daga cikin ayyukansa a kan yara akwai cire tsokar bayan hanci da tsokoki biyu na gefen maƙogwaro da ake kira tonsil, idan sun toshe numfashi har yaro na minshari yana shiɗewa cikin barci. Akwai sanya ɗan ƙaramin bututu a dodon kunne don ruwan da ya taru a bayansa ya tsane. Akwai dashen fata a dodon kunnen da ya huje, da kankare ƙashin bayan kunne idan ciwo ya ci shi. Akwai ciro abubuwan da yara ke turawa a kunne da hanci, ko suke haɗiyewa, ko suke shaƙa zuwa huhu. Akwai huda maƙogwaro a sanya bututu idan numfashi ya yanke. Akwai kuma gano jariran da aka haifa ba sa ji, da sama musu na'urar taimaka wa ji, ko dasa musu na'ura a can cikin kunne.

Me ya sa na yara ya bambanta?

Jama'a, malamanmu sun sha nanata mana cewa kuskure ne a ɗauki yaro a matsayin babban mutum da aka rage wa tsawo. Zan kawo misalai huɗu.

Na farko, hanyar numfashin jariri sabon haihuwa faɗinta bai wuce milimita 4 ba, wato bai kai kaurin fensir ba. Idan ta kumbura da milimita 1 kacal a kewaye, faɗin zai koma milimita 2, kuma kafar da iska ke bi za ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kumburin da babba zai ɗauka a matsayin ƙaiƙayin maƙoshi, shi ne zai iya ɗauke ran jariri cikin dare ɗaya.

Na biyu, bututun nan da ya haɗa kunne da bayan hanci gajere ne a wajen yara, kuma a kwance yake, ba kamar na manya ba da ke gangare. Don haka ƙwayoyin cuta ke saurin hawa zuwa kunne, shi ya sa ciwon kunne ya fi yawa a shekarun farko na rayuwa.

Na uku, jinin yaro kaɗan ne. Yaro mai nauyin kilo 10 jinin jikinsa duka bai wuce mililita 800 ba, bai cika ledar ruwan sha biyu ba. Zubar jinin da babba ba zai ma kula da ita ba tana iya jefa yaro cikin haɗari.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, yaro da kunne yake koyon magana. Shekaru uku na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kama harshe. Babban da ya kurmance yana riƙe da maganarsa, amma jaririn da ba ya ji ba zai yi magana ba, sai dai idan an gano matsalar da wuri. Wannan ne ya sa masana suka tsara ƙa'idar a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6.

A kan waɗannan duka, ku tuna cewa ƙashin da ya fi kowanne ƙanƙanta a jikin mutum yana cikin kunne, tsawonsa kimanin milimita 3, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kusa da shi kuma jijiyar da ke motsa fuska take ratsawa. Idan hannun likita ya goce kaɗan, bakin yaro zai karkace har ƙarshen rayuwarsa. Wanda za a damƙa wa irin wannan amana ba a horar da shi cikin gaggawa.

Taƙaitaccen tarihi

Wannan fanni bai daɗe ba idan aka kwatanta shi da sauran fannonin likitanci. A 1897 ne wani likita Bajamushe, Gustav Killian, ya fara zura bututun ƙarfe ta maƙogwaro ya ciro ƙashin da ya maƙale a hanyar huhun wani mutum. Bayansa sai Chevalier Jackson na Amurka, wanda ya rasu a 1958, ya kyautata kayan aikin, ya kuma adana abubuwan da ya ciro daga maƙogwaron mutane, sama da 2,000, yawancinsu daga yara: allurai, maɓallai, tsabar kuɗi da ƙusoshi. Suna nan a ajiye a wani gidan tarihi a birnin Filadelfiya. Shi ne kuma ya yi ta fafutuka har aka kafa doka a 1927 da ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalaben soda mai ƙuna, saboda yawan yaran da ya gani sun sha ta hanyar abincinsu ta ƙone.

Cikin shekarun 1950 aka fara amfani sosai da madubi mai ƙara girman abu a tiyatar kunne, abin da ya ba da damar gyara dodon kunne da ƙananan ƙasusuwansa. A 1978 Farfesa Graeme Clark ya dasa na'urar ji mai layuka da yawa a cikin kunnen wani kurma a birnin Melbon na Ostareliya. A wannan shekara dai David Kemp ya gano a Landan cewa lafiyayyen kunne yana mayar da wata 'yar ƙaramar amsa idan sauti ya shige shi, kuma a kan wannan bincike aka ƙera na'urar da ake gwada jin jariri cikin 'yan mintuna yana barci a cinyar mahaifiyarsa.

A nan gida, karatun likita a matakin jami'a ya fara a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sashen likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello ya biyo baya a 1967. Kafin nan wasu 'yan Arewa sun ƙetare teku, kamar yadda marigayi Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, ya yi karatunsa a Birmingham ta Ingila. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda ke duba marasa lafiya tana kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya.

Matakan horo

Yanzu ina so ɗalibai su saurara da kyau, iyaye kuma su riƙa lissafi da yatsu.

Mataki na farko yana nan cikin garinmu, a makarantar sakandare. Dole ɗalibi ya sami kiredit aƙalla biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Daga nan sai jarrabawar JAMB, inda zai zauna Turanci da darussan kimiyya ukun nan, kuma makin shiga sashen likitanci yana daga cikin mafi tsauri a kowace jami'a. A wannan mataki muke asarar yawancin yaranmu. Ɗalibin da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa ba, wanda malamin Fiziks ɗinsa ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan wata goma sha ɗaya, shi ake so ya yi takara da wanda ya taso a makarantar da ke da komai.

Mataki na biyu shi ne jami'a, shekara 6. Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga nan ɗalibi zai koyi tsarin jikin mutum, yana feɗe gawa da hannunsa, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sinadaran jiki. Jarrabawar da ke ƙarshen wannan zango ita ce rariyar da ke tace ɗalibai. Wanda ya tsallake sai ya koma asibitin koyarwa, ya koyi cututtuka da magunguna, ya zagaya sashen yara, da na mata da haihuwa, da na lafiyar al'umma, da na manya, da na tiyata. A duk shekarun nan 'yan makonni kaɗan ake ware wa kunne, hanci da maƙogwaro. Don haka wanda ya fito da digirin likita ya san fannin sama-sama ne kawai.

Mataki na uku shi ne shekarar gwaji, wata 12 a asibitin da aka amince da shi, wata uku-uku a sashen manya, da tiyata, da yara, da mata. Sai ya kammala wannan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya za ta ba shi cikakkiyar rajista. Mataki na huɗu kuma shekara ɗaya ce ta bautar ƙasa, tsarin da aka kafa tun 1973.

Mataki na biyar shi ne horon ƙwarewa, kuma nan ne ainihin aikin yake. Kwalejoji biyu ke kula da shi: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro a Ibadan a 1960. Likita zai fara cin jarrabawar share fage, sannan ya nemi gurbi a asibitin da kwalejojin suka amince da shi, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar nan ta Kaduna. Horon yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6, kashi biyu. A kashi na farko yana ƙaramin mai neman ƙwarewa: shi ke kwana asibiti, shi ke riƙe wa babban likita kayan aiki, yana zagayawa sassan da ke maƙwabtaka da nasa, kamar tiyatar ƙwaƙwalwa, da gyaran fuska, da sashen sa barci. Kafin a bar shi ya taɓa kunnen mai rai, sai ya shafe sa'o'i masu yawa yana koyon sarrafa injin huda ƙashi a kan ƙashin kunnen gawa, ƙarƙashin madubi, har hannunsa ya san inda jijiyar fuska take ko da bai gan ta ba. Kowane aiki da ya yi ko ya taimaka aka yi, sai an rubuta a littafi malaminsa ya sa hannu. Bayan ya ci jarrabawar kashi na farko sai ya zama babban mai neman ƙwarewa, ya fara yin tiyata da kansa, ya koyar da na ƙasa da shi, ya gudanar da bincike ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban manyan malamai a jarrabawar ƙarshe. Sai a wannan rana ake kiran sa ƙwararren likita.

Mataki na shida shi ne keɓancewa ga yara. A Nijeriya yawancinmu muna duba manya da yara ne a haɗe, domin ba mu da yawan da za mu rarrabu. Wanda ke son ya zurfafa a kan yara, musamman gyaran ƙuntatacciyar hanyar numfashi da dashen na'urar ji, yakan ƙara shekara 1 ko 2 a babban asibitin yara, galibi a waje, kamar asibitin Great Ormond Street na Landan da aka buɗe tun 1852, ko Asibitin Yara na Red Cross da ke Kef Tawun a Afirka ta Kudu, ko wasu cibiyoyi a Indiya.

Idan kun haɗa lissafi za ku sami shekara 14 zuwa 16 bayan sakandare. Wannan kuwa idan ba a faɗi jarrabawa ba, ba a jira gurbi ba, ba a kuma yi yajin aiki ba. Kun dai san a 2022 an rufe jami'o'in gwamnati har wata takwas. Ma'ana, yarinyar da ke aji shida na sakandare a yau, idan Allah ya nufa ta bi wannan hanya, za ta haura shekara talatin kafin ta gama.

Halayen da aikin ke bukata

Ilimi shi kaɗai bai isa ba. Ina ƙaramin mai neman ƙwarewa aka kawo wani yaro ɗan shekara biyu da tsakar dare, yana numfashi da ƙyar. An yi kwanaki ana ba shi maganin ciwon huhu a wani wuri ba sauƙi. Malamina bai yi gaggawar taɓa shi ba. Ya zauna kusa da uwar, ya tambaye ta a hankali abin da yaron yake yi ranar da tarin ya fara. Ta yi shiru, can ta ce suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ne ya sarƙe, ya yi tari har idonsa ya yi ja, daga baya ya lafa. Wannan amsa ita ta kai mu ɗakin tiyata. Ni da likitan sa barci muna kallon na'urar da ke nuna iskar jinin yaron tana sauka, malamina kuwa bai ɗaga murya ba har ya ciro rabin ƙwayar gyaɗa daga hanyar huhun dama. Washegari yaron na wasa a kan gado. Da na yaba wa hannunsa sai ya ce mini in yaba wa tambayar tukuna.

Abin da na koya a daren nan uku ne: sauraron iyaye mata, domin yaro ba ya iya faɗin ciwonsa, natsuwa lokacin da kowa ya ruɗe, da sanin cewa likitan tiyata bai isa komai ba sai da likitan sa barci, da nas, da mai gwajin ji, da mai koyar da magana.

Ba zan ɓoye wa ƙannena wahalar ba. Akwai kwanan asibiti, akwai sallar da za ta same ka a bakin aiki, akwai kuɗin jarrabawa da na kwasa-kwasai, akwai ranar da za ka yi iyakar ƙoƙarinka yaro ya rasu, kai ne kuma za ka fita ka gaya wa uban. Abokan karatunka da suka shiga kasuwa za su riga ka gina gida. Da yawa daga cikin waɗanda muka yi horo tare sun tafi Ingila, da Saudiyya, da Kanada, ban kuma zarge su ba. Amma mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ranar da aka kunna wa yaro na'ura ya ji muryar mahaifiyarsa karon farko ya waiwayo, duk wanda ke ɗakin yakan manta da gajiyarsa.

Abin da muke gani a yankinmu

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa yara miliyan 34 a duniya na fama da matsalar ji mai nakasarwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurmancewar yara ana iya kauce mata. Rahoton ya ƙara da cewa kashi 78 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likitan kunne ɗaya ga kowane mutum miliyan guda.

Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Daga cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda suka tashi ba sa ji. Ƙyanda da hangum da shawarar jarirai mai tsanani su ma suna kurmantarwa. Mashaƙo, wadda ta sake ɓarkewa a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Kano, tana toshe maƙogwaron yaro. Sanƙarau da ƙyanda da mashaƙo duk suna da allurar rigakafi. Akwai kuma allurai irin su jentamaisin da ke lalata ji idan aka yi su barkatai a kemis ba tare da awo ba.

Sauran matsalolin a gidajenmu suke. Ana ɗiga manja, ko man birki, ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar da mugunya. Ana sosa kunne da tsinke ko gashin kaza. Ana ba yaron da bai kai shekara uku ba gyaɗa da aya. Ana zuba sodar yin sabulu a robar ruwan sha a ajiye a ƙasa. Ƙaramin batirin agogo ko na abin wasa, idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona hanyar abinci cikin sa'a biyu.

Sai maganar cire beli. Ina faɗin wannan cikin girmamawa ga Sarkin Aska da wanzamanmu, waɗanda suka riƙe al'umma tun kafin a san asibiti. Beli halitta ce da ke taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, ba ya hana jariri shan nono, ba ya kuma jawo amai. Mu ne muke karɓar jariran da jini ya ƙi tsayawa, ko suka kamu da sarƙewar haƙora da ciwon hanta ta hanyar aska. Ina roƙon a zauna da wanzamai a tattauna, domin sun fi mu kusanci da gidaje, kuma idan suka gamsu su ne za su fara turo mana yara.

Shawarwari ga ƙungiya

Na ɗaya, a gyara ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na sakandarenmu, maza da mata, a kuma ɗauki nauyin tsayayyen malamin Fiziks da na Kemistiri. Nan ne tushe.

Na biyu, tallafin karatun da muke bayarwa ya zama mai ɗorewa. Biyan kuɗin rajistar shekarar farko a ɗauki hoto a watse ba ya fitar da likita. Gara mu riƙe ɗalibi biyu har ƙarshe da mu taɓa ashirin mu sake su. A kuma rubuta yarjejeniya cewa wanda ya amfana zai riƙa zuwa duba mutanen gari, ya kuma ɗauki nauyin na bayansa.

Na uku, kada a bar 'ya'ya mata a baya. Na yi aiki da mata ƙwararru a wannan fanni, wasu da aurensu da 'ya'yansu suka yi horon. Abin da suke bukata shi ne goyon bayan iyaye da mazaje.

Na huɗu, tun da shekara goma sha biyar ba kusa ba ce, a tura nas ɗaya ko jami'in lafiya daga asibitinmu ya sami horon kula da kunne, a saya masa fitilar leƙa kunne da kayan tsaftacewa. Kuɗinsu bai kai abin da muka kashe a abincin wannan taro ba.

Na biyar, a ware ranar 3 ga Maris, wadda ita ce ranar ji ta duniya, don duba kunnuwan 'yan aji ɗaya a firamarenmu. Na yi alkawarin zuwa da abokan aikina kyauta. Malamai kuma, idan kun ga yaro na kallon bakinku, ko yana juyo da kunne ɗaya, ku dawo da shi bencin gaba, ku aika a kira iyayensa.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, dabinon da muke sha a yau waɗansu ne suka dasa, wasunsu ba su ɗanɗana ba. Mai yiwuwa da yawa daga cikinmu ba za mu ga ranar da ɗan garin nan na gaba zai kammala wannan doguwar tafiya ba, amma jikokinmu za su kwanta a gabansa. Abokin karatuna da na ba ku labarinsa yana nan da ransa, magidanci ne mai sana'a, mun gaisa da shi jiya. Ya kawo mini jikarsa na duba kunnenta.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara haɗa kanmu, ya ɗaukaka wannan gari namu. Kuskuren da ke cikin maganata nawa ne, ina neman afuwa.